Kwana Biyu Bayan Ciniki

Ofishina shi ne na ƙarshe a baranda, bayan ɗakin da ake ajiye tsintsiya da bokiti, kuma ko taga babu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a cikinsa. Masu zuwa kamfaninmu ba su san da zamana ba. Dillalan gaba suka sani, masu taye da ƙamshin turare, waɗanda ke zama ƙarƙashin babban allo suna saya wa mutane hannun jari suna sayar musu. Su ne masu baki. Ni kuwa mai wanke kwanon da suka ci suka bari ce.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, idan dillali ya danna kwamfuta ya ce maka "an saya", ba a sayi komai ba tukuna. Alkawari kawai aka ƙulla. Sai bayan kwana biyu na aiki kuɗin mai saye zai tafi wurin mai sayarwa, hannun jarin kuma ya tashi daga asusun wannan a babbar ma'ajiyar kasuwa ya koma na wancan. Cinikin Litinin ran Laraba ake kammala shi, na Laraba kuma ran Juma'a. Ranar biya muke ce mata. Farashin da aka yi ciniki a kai shi za a biya, ko a cikin kwana biyun nan kasuwa ta hau sama, ko ta kife. Babu fasawa. Aikina shi ne in ga kowane kuɗi ya je inda ya kamata kafin sha biyun rana, kuma ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Idan layin dama da na hagu suka daidaita a ƙasan takarda, daɗi nake ji har cikin raina.

A nan ɗakin na fara ganin abin da ake yi da hannun jarin kamfanin kwalabe.

Kamfanin kwalabe tsohon kamfani ne da ya daɗe da rufe masana'antarsa, sunansa kawai ya rage a jerin kasuwa. Shekara da shekaru farashin hannun jarinsa na kwance a kan huɗu kowane ɗaya, ba mai tambayarsa. Sai kwatsam ya farka. Kullum da safe wani asusu ya sayar wa wani hannun jari dubu ɗari biyu, da rana wancan ya sake sayar wa wannan dubu ɗari biyun, an ɗan ƙara kaɗan a kai. A gaba, allo yana nuna ciniki ya yi zafi, farashi yana hawa. A wurina kuwa, ranar biya idan na cire abin da kowannensu ya saya daga abin da ya sayar, sai in ga babu abin da ya motsa sai ɗan canji. Asusun farko na ƙanin matar Manaja ne. Na biyun na wani kamfani ne da ban taɓa jin sunansa ba, amma adireshinsa gidan Manaja ne. Mutum ne ke ciro kuɗi daga aljihun dama yana sa wa a na hagu, yana shelar kasuwa ta yi kyau.

Da aka yi mako guda a haka, na ɗauki takardun na je wurinsa. Manajanmu mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba, shi ya sa kowa ke tsoronsa. Ya duba takardun a tsanake, har da gyara tabarau.

"Lissafin bai daidaita ba ne?" ya tambaye ni.

"Ya daidaita, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ai na san ba ki wasa da aikinki. Ya yaran? Babban ya shiga sakandare ko?"

Na ce ya shiga. Na kwashe takarduna na koma ɗakina. Akwai hukumar da ke sa ido a kan kasuwa, na san ofishinsu, na san har lambar wayarsu. Amma na san kuɗin makaranta ma, na kuma san maigidana wata bakwai ke nan yana neman aiki. Sai na ce wa kaina ni ba alƙali ba ce, mai lissafi ce. Na ja bakina na yi shiru, farashi kuwa ya tashi daga huɗu ya kai goma sha biyar cikin mako uku.

Ran Litinin da rana na dawo daga banki na tarar an ajiye mini takardun cinikin ranar a kan tebur. Ina cikin jera su na ga sunan Yaya. Na karanta sau uku, ko ido ne ke yi mini gizo. Hannun jarin kamfanin kwalabe, dubu arba'in, a kan goma sha biyar. Dillalin da ya yi cinikin shi ne wanda muke kira Dogo.

Yayana direban bas ne. Da mahaifinmu ya rasu ina aji uku, shi ya bar makaranta ya shiga tasha, da kuɗin mota ya riƙe mu har na gama karatu. Daga baya ya yi ta tari har ya sayi bas tasa ta kansa, fara mai ratsin shuɗi, wadda yake wankewa da hannunsa kowace safiya don bai yarda da masu wankin mota ba. Ban da wannan bas ɗin ba shi da wani abu a duniya da za a iya sayarwa a sami irin kuɗin da na gani a takardar.

Ina tashi daga aiki na wuce gidansa. Tun daga ƙofa na ga amsata. Inda bas ɗin ke kwana babu komai sai tabon baƙin mai a kan siminti. Yana zaune a kan benci da rediyo a gefe, matarsa na kwashe shanya.

"A'a, Auta! Yau kuma hanya ta biyo? Na je ofishinku aka ce kin fita. Da na so in ba ki mamaki."

"Ka ba ni, Yaya. Ina motar?"

"Na sayar ran Asabar." Ya faɗa kamar mai ba da labarin ya yi aski. "Ke, bayana ya gaji. Shekara ashirin da shida ina zaune a kan kujera ɗaya. Wannan Dogon naku ya shiga motata kwanaki, ya nuna mini a wayarsa. Wanda ya sa kuɗi farkon wata yanzu ya ninka kusan sau huɗu. Ya ce za a sake buɗe masana'antar, farashi zai kai talatin. In ya kai sai in sayi biyu, in ba yara su ja, ni in zauna a inuwa."

"Kai da ke wucewa ta gaban masana'antar nan sau shida a rana, ka ga hayaƙi? Ka ga ko mai gadi?"

"Ciyawa dai na gani." Ya yi dariya. "Amma ai manya ba sa shela idan za su yi abu. Kuma ke, in da cuta a wurin, za ki yi shekara goma sha ɗaya a ciki? Abin da na gaya wa wannan ke nan," ya nuna matarsa da haɓa, "na ce inda ƙanwata take aiki ba za a cuce ni ba."

Matarsa ta dube ni, ta ci gaba da ninke zane. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na ce, "Gobe ka kira shi ka ce ka fasa."

"Ana fasawa?"

Ba a fasawa. Ni da bakina na sha gaya wa mutane haka. Kuma a ƙa'idar kamfaninmu ba ka sayar da abin da bai shigo asusunka ba, wato sai Laraba, idan an kammala cinikinsa, sannan zai iya rabuwa da su. Kwana biyun da na yi shekaru ina ƙirga wa mutane ba tare da na ji komai ba, ranar na san tsawonsu.

Ran Talata wata takarda ta zo teburina, da sa hannun Manaja. Umarni ne a ɗauko hannun jarin kamfanin kwalabe miliyan biyu daga wani tsohon asusu na ƙanin matarsa, a mayar da su asusun da ake sayarwa daga ciki. Waɗannan ba na wasan aljihu ba ne, na gaske ne, waɗanda aka tara tun suna huɗu. Ma'ajiya ta ce za su iso Alhamis da safe. Duk yinin ranar ina jiyo muryoyin dillalai ta bango, kowa da waya a kunne, suna bin jerin tsofaffin abokan hulɗarmu ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya fi kowa zaƙin baki. "Wallahi don ke ce na kira, ba kowa nake gaya wa ba." Na ji ya faɗi haka ya fi sau goma. Ba sai an gaya mini ba, na san ranar Alhamis za a juye wa mutane kayan.

Laraba da ƙarfe goma hannun jarin Yaya suka shigo asusunsa. Ni na kammala cinikin da hannuna. Na leƙa gaba, allo na nuna goma sha tara. Na sauka matattakala inda ba mai jina, na kira shi.

"Yaya, sun shigo. Ka kira Dogo yanzu ka ce ya sayar. Duka."

"Haba Auta. Yanzu na duba, sha tara fa. Jiya sha bakwai. Abin da ke tafiya haka ake tsayar da shi?"

"Ka sayar."

"Ke tun kina yarinya matsoraciya ce. Ko tsallaka titi sai na riƙe miki hannu."

"Yaya, tun da nake na taɓa roƙonka wani abu?"

"Kullum. Kuɗin littafi, kuɗin takalmi, kuɗin mota a motata ma."

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Na yi rantsuwa a rubuce ranar da aka ɗauke ni aiki cewa abin da na gani a asusun mutane ba zai fita daga bakina ba, kuma in Manaja ya ji na yi magana, ba kora kaɗai zai yi mini ba. Na tsaya riƙe da waya ina kallon bangon matattakala. Sai na ji ya kashe rediyonsa.

"Auta. Akwai abin da kika sani ne?"

Ban amsa ba.

Ya ja numfashi. "To. Shirun nan naki ya ishe ni. Bari in kira shi."

Dogo ya yi ta mita, na jiyo shi yana cewa wasu mutane ko an sa musu arziki a baki sai sun tofar. Amma bai wahala ba, don yana da masu saye a layi tun jiya. Kafin minti biyar dubu arba'in ɗin sun tafi a kan goma sha tara. Yaya ya tsira da kuɗinsa, har da riba. Na koma ɗakina na zauna. Na yi murna, gaskiya na yi murna, har na sayi lemo na sha ni kaɗai.

Alhamis ta zo yadda na zata. Da buɗe kasuwa miliyan biyun suka fara fita, kaɗan-kaɗan da farko, waɗanda aka kira jiya da shekaranjiya suna ta kwasa. Da masu saye suka ƙare, asusun nan biyu da ke wasa da juna suka yi tsit. Sha tara ta koma sha shida, ta koma sha ɗaya. Aka tashi kasuwa a kan shida. Manaja ya fito da kansa ya tsaya ƙarƙashin allo, hannu a baya, yana girgiza kai tare da mutanen da suka taru. "Kasuwa ke nan," yake ce musu a hankali. "Yau gare ka, gobe ga wani. Mu ma abin ya taɓa mu." Har ruwan sanyi ya sa aka kawo musu.

Ran Juma'a, ranar biyan cinikin Laraba, ba dillalin da ya zauna a kujerarsa. Dogo ya aiko cewa haƙori ke damunsa. Wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofata, abin da ba a saba yi ba. Wata dattijuwa ce, gajeriya, da jakar hannu ta fata wadda ta sha jiki, da farin takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa irin na ma'aikatan asibiti.

"Sannu 'yata. An ce a nan ake biya. Na duba gaba ban ga yaron nan dogo ba."

Na ba ta kujera. Ta zauna tana haki kaɗan saboda matattakala, ta ce mini ita ungozoma ce, ta yi ritaya wata huɗu da suka wuce. Shekara ashirin tana hulɗa da kamfaninmu, duk ƙarshen shekara takan sayi ɗan hannun jarin banki ta ajiye. Irinsu tsofaffin abokan hulɗa ana yi musu alfarma, sai ranar biya suke kawo kuɗi. Ta buɗe jaka ta ciro takardar cinikinta da cek, ta shimfiɗa su a gabana, ta daddanne da tafin hannu don su miƙe.

Dubu arba'in, a kan goma sha tara, Laraba, ƙarfe goma da minti ashirin da biyu.

Ban buƙaci buɗe kwamfuta ba, amma na buɗe. Yawanci ba ma sanin wanda ke ɗaya gefen ciniki, yana can wani kamfanin. Wannan kuwa mai saye da mai sayarwa duk namu ne, sunayensu na jere a layi ɗaya. Nata a dama, na Yaya a hagu.

"Jikata ta duba mini jiya, ta ce wai ya koma shida," in ji ta. "Haka ne?"

"Haka ne, Mama."

"To yanzu shida zan biya ko sha tara?"

"Sha tara. Farashin ranar ciniki ake biya."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Haka na zata. Kuma ba a fasawa?"

"Ba a fasawa. In ba ki biya ba, kamfani zai sayar da su a farashin yau, ya cike gurbin da hannun jarin bankinki."

"A'a, kada a taɓa waɗancan, na yaran ne." Ta tura mini cek ɗin da yatsa biyu. "Kuɗin sallamata ne. Da rufin gida zan gyara da su, in buɗe ɗan shagon magani a gaba. Yaron ya ce don ni ce ya kira. Ni kuma da tsufana na biye masa, kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ce na saya, to na saya. Ba zan fara saɓa alkawari da furfura ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na karɓi cek ɗin, na rubuta rasit, na yi kuskure har sai da na sake wani. Tana kallona, irin kallon da ungozoma ke yi wa mai naƙudar fari.

"Kwantar da hankalinki, 'yata, ba ke kika yi ba. Ke aikinki kike yi."

Na buga hatimi na miƙa mata. Ta ninke rasit ɗin gida huɗu ta sa a jaka, ta dafa tebur ta miƙe. Har ta kai ƙofa sai ta juyo.

"Wanda ya sayar mini, kina ganin sunansa a nan?"

"Ba a ba mu izinin faɗa ba, Mama."

"A'a, ba rigima zan yi da shi ba. Shi ya fi ni sa'a, shi ke nan. So nake kawai in sani, ko irin masu kuɗin nan ne da ba su san adadin abin da suke da shi ba, ko kuwa mai buƙata ne."

Na dubi sunan da ke hagu.

"Mai buƙata ne."

"To alhamdulillahi, da sauƙi," ta ce. "Allah ya sa ya amfana."

Na ji takunta a baranda, a hankali, har ya ɓace. Saura minti ashirin sha biyu ta cika. Na shigar da cek ɗin, na cire ladan dillali, na tura abin da ya rage zuwa asusun da ke hagu. Layin dama da na hagu suka daidaita, ko ɗigo bai yi saura ba.

Ba a yi rabin awa ba wayata ta yi ƙara. Hayaniyar tasha na tashi a bayansa, yana magana da ƙarfi yadda direbobi ke yi.

"Auta! Sun shigo! Duka, har da ribar! Ina wurin wanda na sayar wa motar, ya yarda zai mayar mini in ƙara masa kaɗan. Kin ji abin da ya faru jiya kuwa? An ce mutane sun ƙone ƙurmus. Ke, da ban ji maganarki ba da yanzu wani zancen ake yi. Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi mini."

Na buɗe baki in ce amin, ta ƙi fita.